Cincin Ba Ya Makara

Daga tsakiyar Disamba, duk wanda ya ratsa lungunan Wulari ko Jerusalem ko wasu sassan Bulunkutu da yamma, hancinsa zai gaya masa watan da ake ciki. Ƙamshin man gyaɗa mai zafi ne, gauraye da hayaƙin gawayi da ƙurar hunturu. A gidajen Kiristocin Maiduguri, Bura da Marghi da Kibaku da mutanen Gwoza da 'yan Kudu mazauna gari, an shiga aikin cincin ke nan, kuma ba a fita sai bokitai sun cika.

Wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauka ƙaramin aiki ne, tunda abin marmari ne da ake watsawa a baki ana hira. Tun da sassafe za a tankaɗe fulawa mudu-mudu a babban baho, a murje ta da bota har ta yi wara-wara, a zuba sukari da madarar gari da ɗan gishiri, a fasa ƙwai, a goga gyaɗar ƙamshi. Kwaɓin yana son hannu mai ƙarfi da ido mai lura: in ruwa ya yi yawa zai sha mai, in ya yi tauri tsofaffi ba za su iya taunawa ba. Sai a rufe shi ya huta. Daga nan a shimfiɗa tabarma, a kife manyan tire, mai murzawa ta ɗauki kwalbar lemo, masu yanka su zauna da wuƙaƙensu. Yankan shi ne mai cin rai. A ja dogaye tukuna, sannan a gitta, ƙanana-ƙanana, ana barbaɗa fulawa kada su manne, tire bayan tire har bayan mutum ya ƙage. Mai suya kuwa ba ta da damar ɗaga kai. Cincin yana ƙara duhu bayan an kwashe shi, don haka sai an tsame shi tun da sauran haske. Wadda ta jira ya yi launin da take so a cikin kasko, ƙonanne za ta juye a kwando.

Kek ma yana da nasa wahalar. Gidan da babu abin gashi na zamani, babbar tukunya ake samu, a zuba wankakken yashi a gindinta, a jera gwangwanayen madara da aka shafe da bota aka cika rabi da kwaɓi, a rufe, a ɗora garwashi a kan murfi. Wuta sama, wuta ƙasa. Lokaci-lokaci a ɗaga murfin a hankali kada toka ta zuba, a soka tsinken tsintsiya. In ya fito a bushe, ya yi. A gefe guda ga gyaran gida: wankin labule, shafen fenti, sauko da bishiyar roba daga saman sif a kaɗe ta, yara suna hura balan-balan suna rigima a kan wanda zai ɗaura ƙyalƙyali daga kusurwa zuwa kusurwa. A turara ɗaki da turaren wuta, wanda a Barno ba ya tambayar addinin mai gida. Gari na wayewa hunturu ya mayar da ƙurar da aka share jiya. Ga zarya gidan tela, ga zaman kitso.

Ni malamar makaranta ce, ina kuma rubuta gajerun labarai da Hausa. Duk tsawon zangon karatu, in wani labari ya zo mini, nakan ɗan rubuta kansa a bayan littafin tsara darasi in ce sai an yi hutu. Hutu ya zo, sai ga Janairu, bokitan cincin sun cika har sun ƙare, labarin yana nan a layi ɗaya. Ƙawayena Musulmi masu rubutu suna ba ni irin wannan labarin game da azumi da Sallah: an yi abincin buɗa-baki kwana talatin ba fashi, an soya naman layya, an yi dubulan da alkaki, littafi kuwa bai ƙaru da shafi ba.

Amsar da ke saurin zuwa baki ita ce babu lokaci. To amma lokacin da aka yanka fulawa mudu biyar da wuƙa, daga ina ya fito? Cincin bai fi rubutu sauƙi ba, ba kuma don mun fi son suya da alƙalami ba ne. Abin da ya raba su shi ne cincin yana da rana, yana kuma da masu jiransa. Ranar 25 ga Disamba ba ta matsawa don wata ba ta shirya ba. Yara suna ƙirga kwanaki. Bayan yara kuma ga maƙwabta, waɗanda su ne ainihin dalilin da ya sa bokiti ɗaya ba ya isa.

Ranar Kirsimeti, ana tasowa daga sujada, yara ke fita da kuloli: shinkafa da miya, soyayyen nama, cincin a ƙulle a leda, gida-gida. Gidaje da yawa Musulmi suke kai wa akuyarsu ko kajinsu ya yanka, don kada maƙwabci ya ji nauyin ci. Da Babbar Sallah kuwa kwanon nan ne zai dawo da naman layya. Maƙwabciyata, wata dattijuwa Babarbariya da muke kira Ya Hajja, in aka kai ashirin ga wata ba ta ji ƙamshi ba sai ta leƙo ta katanga.

"Maman yara, lafiya kuwa? Bana shiru nake ji."

"Lafiya lau, Ya Hajja. Fulawa ce ban samu saya ba tukuna."

"To a hanzarta. Jikokina sun fara tambaya."

Babu wadda za ta ji wannan ta kwanta barci ba ta auna fulawa ba. Amma labarin da ke bayan littafin darasi, ko ya shekara goma a nan, babu mai leƙo katanga ya tambayi lafiyarsa.

Wanda ya zauna a Maiduguri shekarun nan ya san nauyin wannan kwano. A jajibirin Kirsimetin 2010 aka kai hari coci biyu a cikin gari, na Baptist da ke Alamderi da na COCIN da ke Sinimari, aka kashe mutane har da fasto. Daga baya sujadar dare ta koma ta rana a wurare da dama, aka kafa shinge a ƙofar coci, ana binciken jakar kowa. A 2011 aka hana hawa babur. A 2013 aka katse layukan waya, mutum bai san halin da iyayensa ke ciki a Biu ko Lassa ko Chibok ba. A Janairun 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun wutar lantarki da ke kan hanyar Damaturu, birni ya shafe watanni cikin duhu, fitilun bishiyar Kirsimeti sai dai a kunna su da batir. A Fabrairun 2023 gobara ta cinye Monday Market, inda akasarinmu ke sayen fulawa da sukari, kuma a shekarar ne cire tallafin man fetur ya sa farashin komai ya tashi. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, shekara talatin bayan ambaliyar 1994, ruwa ya mamaye Gwange da Gamboru da fadar Shehu da asibitin koyarwa. A duk waɗannan shekaru, a layinmu, an rage mudu amma ba a fasa suya ba. Akwai shekarar da abin da ya tsallaka katanga bai wuce cikin tafin hannu biyu ba, amma ya tsallaka. A lokacin da mutum yake tsoron wanda ke tafe a bayansa, wannan ɗan ƙulli shi ne ke gaya wa maƙwabci cewa tsakaninmu ba abin da ya canja. Shi ya sa ba na cikin masu cewa a rage hidimar Kirsimeti don a samu lokacin abin da ya fi ta muhimmanci. Ban ga abin da ya fi ta muhimmanci da za a ture ta dominsa ba.

Akwai kuma wani irin rubutu da bai taɓa makara a hannuna ba, shi ne wasan kwaikwayon Kirsimeti na yaran makarantar Lahadi. Shugaban makarantar zai tare ni a bakin coci ya ce, "Malama, Asabar za mu fara gwaji, yara sun riga sun raba wa kansu matsayi." Shi ke nan. A tsaye nake rubuta shi, takarda a kan firji, hannu duk fulawa, ina kallon kasko da ido ɗaya. In na rasa abin da mai masauki zai ce wa Yusufu sa'ad da ya hana shi ɗaki, sai in tambayi masu yanka, kowa ta kawo nata, mu zaɓi wanda ya fi sa dariya ko wanda ya fi taɓa zuciya. Kafin Asabar ya kammalu. Haka matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, suke tsara sababbin waƙoƙinsu: akwai ranar da za su tsaya a gaban jama'a da tulu da caki, don haka waƙa tana fitowa ko ana cikin daka ne. Hannun da ya kasa ƙara layi ɗaya a kan labarinsa shi ne ya rubuta wasa mai fitowa biyar a cikin hayaƙi, a mako mafi cunkoso na shekara.

In aka duba, yawancin rubuce-rubucen da muke tinƙaho da su haka suka samu. Labarin komin dabbobi da makiyaya da yaran nan ke kwaikwayo, a cikin Linjila huɗu Luka kaɗai ya kawo shi, kuma ya buɗe littafinsa da sunan mutum ɗaya da ya rubuta dominsa, Tiyofilas, bayan ya bi diddigin abin da shaidun gani da ido suka faɗa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tana da jajis, wato jagorori mata, da ke tasowa daga ƙauyuka da ayarin mata, su koyi waƙoƙinta su koma su koyar. Ba za su yi wannan tafiya su koma hannu rabbana ba. A Ingila, Charles Dickens ya rubuta shahararren labarinsa na Kirsimeti cikin kimanin mako shida a 1843 don ya riski kasuwar bikin, ya kuwa fito ranar 19 ga Disamba. A zamaninmu, da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, ta sa ranar rufewa, sai ga labarai suna kwarara daga matan da ba a taɓa jin sunansu ba. Wanda ya zo na ɗaya a shekarar, "Sansani" na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira ne. Marubutan da ke sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp sun fi kowa sanin wannan. Ana idar da sallar isha'i saƙonni za su fara shigowa: "Anti, ina ci gaba?" Gaskiya ne wannan matsi yakan sa wasu su saki abin da bai nuna ba, ko su ja labari fiye da ƙima don kada masu karatu su watse. Amma gyara yana yiwuwa ne a kan abin da aka rubuta. Farar takarda ba ta gyaruwa.

Sai dai kada a yi mana rufa-rufa. Masu jira suna sa mutum ya tashi, amma ba sa ƙara wa yini sa'a ko ɗaya. A 1936, da Rupert East ya buƙaci littafin karatu na Hausa, sai aka ɗauke Abubakar Imam daga aikinsa na koyarwa a Midil ta Katsina aka kai shi Zariya, ya zauna wata shida ba shi da aiki sai rubutu, ya fito da Magana Jari Ce littafi uku. Akwai mai jira, akwai rana, akwai kuma wanda ya sauke masa sauran kaya daga ka. Na ukun nan ne matanmu ba sa samu. A coci muna yawan jin wa'azin Marta da Maryamu daga Luka sura 10, yadda Marta ta shagala da hidimar baƙi, 'yar'uwarta kuwa ta zauna tana sauraro, aka ce ita ce ta zaɓi abin da ya fi. Na yarda da wannan koyarwa da zuciya ɗaya. Abin da nake roƙon masu wa'azi su ƙara shi ne su juyo wajen maza su tambaye su: in kuna son Marta ta zauna, wa zai karɓi ludayin? A gidajenmu da yawa, maigida in ya sayo akuya da buhun shinkafa ya gama nasa Kirsimetin, sauran mako biyu na aiki duk a wuyan mata da 'yan mata yake. Yarinyar da ta fi kowa iya tsara magana a aji ita ce za ta kwana tana wanke kasko, yayanta yana kallon ƙwallo. Buchi Emecheta ta rubuta littattafanta na farko a Landan tana riƙe da 'ya'ya biyar ita kaɗai, kuma ana yawan kawo ta misali don a nuna mace ba ta da uzuri. Ni abin da nake gani a tarihinta shi ne yawan waɗanda aka ɗora wa irin kayanta suka durƙushe, ba mu taɓa jin sunansu ba.

Me ya sa na damu haka, alhali duniya ba ta rasa littattafai ba? Saboda abin da nake ji a kan tabarmar yanka. Mutum ɗaya ba ya iya aikin cincin, gayya ake yi, yau gidan wannan gobe gidan waccan, kuma hannu na aiki baki na aiki. A nan ne tsofaffi ke ba da labarin Garkida, inda H. Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya ranar 17 ga Maris 1923, abin da ya zama Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da yadda suka yi karatu a makarantun Waka kusa da Biu, da yadda Hausa ta zama harshen da Bura da Marghi da Kamwe ke haɗuwa a kansa su yi waƙa. A nan ne kuma matan da suka baro Gwoza a watan Agustan 2014 ke buɗe bakin da ba sa buɗewa a gaban ma'aikatan agaji. Yadda aka kwana a kan dutse da jariri ana toshe masa baki da nono. Yadda aka tsallaka Kamaru, aka zauna a sansanin Minawao, aka zagayo ta Yola kafin a iso Maiduguri. Wane ne ya ba su ruwa a hanya, kuma sau da yawa ba ɗan addininsu ba ne. Har da abin dariya, domin ba a rasa shi ko a gudun hijira: wadda ta ruga da murfin tukunya ta bar tukunyar, wanda ya goyo akuya ya ɗauka ɗansa ne.

An yi rubutu da yawa a kan Barno tun 2009, amma mafi yawa da Turanci, daga 'yan jarida da masu bincike da ƙungiyoyin agaji, kuma abin da suka fi riƙewa shi ne adadi: mutum nawa suka mutu, nawa suka gudu, 'yan mata 276 aka sace a Chibok. Adadin yana da amfani. Amma muryar matar da ke yanka fulawa tana faɗar sunan ƙanwarta ba ta cikinsa. Muna da abin koyi a gida: Zaynab Alkali, 'yar kudancin Barno, wadda ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Maiduguri, ta fitar da The Stillborn a 1984, ta sa rayuwar 'yan matan ƙauyenmu ta shiga ajujuwan jami'o'in duniya. Su kuwa tsofaffin nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ambaliyar 2024 ta nuna mana ko abin da ke kan takarda ma ba shi da tabbas, ta jiƙa hotuna da takardun shaida da littattafan waƙoƙi da aka gada, balle abin da ke cikin kan tsohuwa kawai.

Don haka na nema wa rubutuna abin da cincin yake da shi. Wata dattijuwa 'yar Gwoza da ke zuwa mana gayya ta gama ba da labarin fitowarsu, kowa ya yi tsit, sai na ce, "Mama, in na rubuta wannan, za ki zauna in karanta miki?"

Ba ta ajiye wuƙa ba. Ta ce, "Yaushe?"

Na ce ranar da za mu yi suyar Sabuwar Shekara. Kafin yamma ta gaya wa duk matan Zumuntar unguwa cewa Malama za ta karanta tarihinta. Daga nan magana ta fita daga hannuna. Na sami maigida na ce, "Baban yara, akwai mutanen da ke jirana. Kasuwa da ƙawata falo da kai yara wurin tela bana naka ne, ni kuma daga asuba zuwa hantsi ba na nan ko da kun gan ni." Ya karɓa, domin shi ma ya san tsohuwar, ya san ba za a kunyata ta a gaban mutane ba. Abin da shekaru na "ina son in yi rubutu" ba su samo mini ba, sunan mutum ɗaya da rana ɗaya suka samo. 'Yan mazan gidan suka koyi murza kwaɓi da kwalba. Yankansu bai yi kyau ba, wani babba wani ƙarami, amma ya soyu, an kuma cinye.

Ranar karatun, ana yanka ina karantawa. Ban kai ƙarshen shafi na biyu ba ta ɗaga hannu.

"A'a, 'yata. Ba ta Pulka muka bi ba, ta Ngoshe muka hau dutse. Kuma ba ni na ɗauki yaron ba, surukata ce. Ki sa sunanta, ta rasu a Minawao, kada a manta da ita."

Na gyara a wurin. Ta sake tsayar da ni inda na sa mata kuka, ta ce ba ta yi kuka a ranar ba, babu lokacinsa, sai bayan wata biyu da ta ga an zuba mata tuwo a kwanon da ba nata ba. Wannan ba abu ne da zan iya ƙirƙirowa a kan tebur ba, ko da an ba ni wata shida a Zariya.

Kafin a kwashe kaskon ƙarshe, wata 'yar Lassa ta ce nata ne na gaba, ta kuma yanka rana da kanta: Asabar ɗin jajibirin Ista. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ce ita za ta rubuta na kakarta da harshen Kibaku in na duba mata Hausarsa. Washegari Ya Hajja ta aiko jikanta ya kira ni. Ashe ta ji komai ta katanga. Ta ce su ma da ƙafa suka baro Bama a Satumban 2014, ita da 'ya'yan ɗanta, kuma babu wanda ya taɓa tambayarta yadda aka yi. Na ce mata Ista ta riga ta kama ni, sai bayanta. Ta ce ina, kafin azumi take so, domin in azumi ya kama ba ta da bakin dogon zance, kuma in zo da babban littafi, nata ya fi na 'yar Gwoza tsawo.